Yatsu Huɗu Ta Yamma

Litinin, 7 ga Afrilu, bayan Asuba

152 bisa 94.

Sista Tabita ce ta kawo mini wannan littafin, irin na 'yan firamare. Wai in riƙa rubuta abin da na'urar awon jini ta nuna safe da yamma, in kai wa likita ranar komawa. Maƙwabciyata ce katanga ɗaya a nan Gyaɗi-Gyaɗi, mutuniyar Zonkwa. Ta yi shekara talatin tana aikin jinya kafin ta yi ritaya, amma har yau ba ta yi ritaya daga ba da umarni ba. Na ce mata ni Sulaiman rabona da biro tun da kamfanin da nake wa masinja ya rufe. Ta ce hannun da ya iya diga ba zai kasa biro ba.

Hawan jini ne, in ji likita. Ranar Alhamis 'yata Zainab ta ja ni asibiti saboda haɓo da ciwon ƙeya. Ƙwaya biyu kullum da safe, ɗaya fara ɗaya ja. Na sa musu suna Fara da Ja, don sunayensu na Turanci sun ƙi zama a bakina. An ce in rage gishiri, in rage aikin ƙarfi. Likitan ya tambayi sana'ata, na ce haƙar kabari a maƙabartar Tarauni, shekara talatin da ɗaya. Ya ɗago ya dube ni, ya mayar da kai ya ci gaba da rubutu.

Talata, 8 ga Afrilu, bayan La'asar

Safe 146 bisa 90. Yamma 118 bisa 72.

Gawa biyu yau. Ƙasar Tarauni a wannan watan, ka sara mata diga ta dawo maka da ita, har tartsatsi take yi. Namadi abokin aikina ya fitar da uwar kabari, ni na shiga 'yar, wato siririn ramin nan na ciki da ake kwantar da mamaci. Haka muka saba, shi ƙarfi ni gwaninta. Sara goma sha biyar na yi da dagi, sai haki kamar na hau Dala a guje. Da na miƙe in karɓi karan awo a hannunsa, sai duhu ya taso daga gefen idanuna ya haɗe a tsakiya.

Ban faɗi ba. Zama na yi.

Namadi ya leƙo yana dariya. "Malam Sule, ba naka ba ne fa wannan, fito." Na ce masa ko nawa ne ba shi zai haƙa ba, da wannan karkataccen hannun nasa. Muka yi dariya. Ya miƙo hannu ya jawo ni, kuma bai sake ni da wuri ba.

Laraba, 9 ga Afrilu, da hantsi

140 bisa 88. Fitsari sau biyar kafin ƙarfe goma. Wannan Fara ba ta da kunya.

Alhamis, 10 ga Afrilu, bayan Magariba

Na je gaida Malam Abdulmalik a gidansa, bayan kasuwar Tarauni. Shi ya koya mini wannan aikin, shi ya fara ɗora hannuna a kan dagi. Tun kafin azumi likitoci suka ce a mayar da shi gida a ci gaba da addu'a. Ba zan rubuta abin da suka ce yana cikinsa ba. Matarsa Inna Indo ta shimfiɗa masa a rumfa saboda zafi. A gefe yake kwance, don ya fi shekara ashirin bai kwanta rigingine ba. Shekara hamsin yana sunkuye a rami, har bayansa ya tanƙware ya yi doro irin wanda babbar riga ba ta ɓoyewa.

Ya ce, "Sule, ƙasa ta yi tauri ko?"

Na ce, "Ta yi, Malam."

"Ni dai ba na jin zan jira ruwa bana."

Na ce haba Malam. Ya ɗaga mini yatsa, ya jira Inna ta shiga ɗaki, sannan ya ce in matso.

"Ka san karan da ake aiko mana, tsawon mutum kawai yake nunawa. Mamaci kan damansa yake kwanciya, fuska gabas, baya yamma. In mai doro ne, ramin ba ya cin sa. Na ga an danna mutane, Sule. Na ga an sa gwiwa, jama'a na sama suna cewa a yi sauri rana ta yi. Ni ma da hannuna na taɓa yi sau ɗaya, ina saurayi, har yau ina jin ƙarar a kunnena." Ya huta ya ja numfashi. "Ka ƙara mini yatsu huɗu ta yamma, daga kafaɗa zuwa tsakiyar baya. Kuma tsakanina da kai. Ba na so a tsaya a kaina ana shawarar bayana."

Na ce, "Ai na riga na yi alkawari tuntuni."

Shekara goma sha ɗaya ke nan, ranar da Hauwa uwar Zainab ta rasu. Na ɗauki dagi zan shiga rami ina kuka kamar yaro, Malam ya fizge shi daga hannuna. Ya ce je ka zauna, ni zan yi mata, ranar tawa kai ka shiga. Ya yi mata 'yar kabari sumul, har da tafin hannu ya shafe bangon. Ban taɓa ganin aiki mai kyau irin wannan ba.

Ban gaya masa maganar ƙwaya ba.

Asabar, 12 ga Afrilu, bayan Azahar

Safe 138 bisa 86.

Duhun nan ya sake taso mini. Wannan karon gwiwata ta bugi bakin rami. Ban faɗi ba. Namadi bai yi dariya ba yau, ni kuma gara a ce ya yi.

Lahadi, 13 ga Afrilu, bayan La'asar

Sista Tabita ta dawo daga coci ta gan ni ina ɗingishi. Ba a ɓoye wa matar nan komai. Ko ɗankwalin cocin ba ta cire ba ta ce in ɗauko diga da na'ura, in sare mata busasshen taɓon da ya toshe kwatar ƙofar gidajenmu. Na ce ashe ƙwadago take nema a ɓagas. Ta ce eh, sara.

Kafin in fara ta auna: 136 bisa 84, bugun zuciya 58. Na yi sara na minti goma, ta ce tsaya, ta auna ina haki: 158 bisa 88, bugu 84. Ta ce in miƙe tsaye cak kar in motsa. Bayan minti uku ta sake aunawa: 98 bisa 60. Katangar gidana ta fara lilo, ta tura mini benci da ƙafa.

Ta ce, "Ka gani da idonka, Malam Sule. Duk mai aikin ƙarfi jininsa hawa yake yi yayin aikin, ko lafiyayye ne, don jiki na neman jini, zuciya kuma ta ƙara sauri. To Ja ɗin nan linzami ce a bakin zuciyarka, don kar ta yi gudun da zai fasa maka jijiya. Shi ya sa kake haki, hannu na kira ita tana tahowa a hankali. Fara kuma ruwan jiki take ragewa, ga zufa tana kwasar nata. Da ka daina sara, jijiyoyin ƙafa a buɗe suke, jini ya gangara can. Ka miƙe zumbur, kai ya rasa rabonsa. Ruwa kofi nawa kake sha kafin ka fita?"

Na ce ba na sha.

"Ba ka me?"

Na yi mata bayani. In na sha ruwa a kan Fara, fitsari zai matsa mini. A maƙabarta kuwa ina zan tsuguna? Duk inda ka taka bawan Allah ne a kwance, wasu ma ni na kwantar da su. Bayan gida yana can bakin ƙofa wajen masallaci, kafin ka je ka dawo makara ta iso. Kuma ni ban taɓa shiga rami babu alwala ba. Don haka tun da na fara ƙwayar nan, daga Asuba har Azahar ko kurɓa ba na yi.

Ta riƙe haɓa. "Wayyo ni Tabita! A wannan ranar? Kai da kanka kake shanya kanka."

Ta wanke ni tas. Ta ce in sha ruwa, in riƙa miƙewa a hankali, in zauna a bakin rami tukuna kafin in tsaya. Ta ce maganin hawan jini ba iri ɗaya ba ne, likita na iya canza mini wani ko ya canza lokacin sha, in koma ranar Alhamis ba sai na jira mako shida ba. Sannan ta nuna ni da yatsa. "Abu ɗaya, kar ka kuskura ka daina da kanka. Musamman Ja. Wanda ya cire linzami rana ɗaya ya fi wanda bai taɓa sawa ba shiga haɗari."

Na ce na ji.

Talata, 15 ga Afrilu, bayan La'asar

Na bi maganarta. Kofi uku na sha. Sau biyu na fita daga rami na nufi bakin ƙofa, ina tafe a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. A dawowa ta biyu na hango makara ta riga ni. Mutane sun fi ɗari a tsaye cikin rana, Namadi na cikin 'yar kabarin da na fara yana ƙarasawa. Wani dattijo ya ce, "Wai ina mai haƙar ne?" Aka nuna ni ina tahowa da buta.

Shekara talatin da ɗaya makara ba ta taɓa tarar da ramina bai kammala ba. Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Na leƙa aikin Namadi bayan ya fito. Tsawo daidai, amma bangon yamma a miƙe sak, matsattse, yadda ya saba.

Laraba, 16 ga Afrilu, bayan Isha'i

130 bisa 82. Sista ta ce lamba mai kyau. Lamba ce ke da lafiya, ni ba ni da ita.

Zainab ta ce, "Baba, in dai don alkawarin Malam ne, in akwai wani abu da yake so na musamman, ka nuna wa Namadi mana." Na daka mata tsawa, na ce ta tsaya ga keken ɗinkinta. Ta kwashe kwanuka ta fita. Yarinyar nan tun rasuwar mijinta take ɗawainiya da ni, ba ta cancanci haka ba.

Alhamis, 17 ga Afrilu, bayan Magariba

Na je asibiti tun ƙarfe shida. Na miƙa kati, na samu benci. Ƙarfe sha ɗaya saura mutum tara a gabana, sai ga wayar Inna Indo. "Sule, Malam na kiran sunanka, numfashinsa ya canza."

To me zan yi? Mu nan ba a ajiye gawa. In ya cika da sha ɗaya, kafin Azahar kara ya iso maƙabarta, ƙarfe biyu an sallace shi. Na bar layin na tari Adaidaita. Da na isa na tarar ya samu barci, Inna na yi masa fifita. Ta ce in yi haƙuri, tsoro ne ya kama ta. Na ce ba komai, Inna.

Masu hawan jini ranar Alhamis kawai ake ganin su. Sai wani makon ke nan.

Malam yana nan.

Juma'a, 18 ga Afrilu, bayan Asuba

Na yi tunani a kan sallaya har gari ya waye. Da na san ranar, da sai in tsallake ƙwayar ranar kawai. Ban sani ba. In na sha da safe aka bugo waya da hantsi, shi ke nan, ta riga ta shiga jini.

Zainab ta kawo koko da ƙwaya biyu a tafin hannunta kamar kullum. Na karɓa. Suna cikin aljihun rigata.

Na 'yan kwanaki ne kawai. Lambobin da zan nuna wa Sista zan riƙa rubuta su a bangon baya na littafin nan. Na nan ciki su ne na gaskiya.

Asabar, 19 ga Afrilu, bayan Azahar

150 bisa 92.

Kai! Yau na tuna ni wane ne. 'Yar kabari biyu na fitar, ban zauna ba, ban ga duhu ba. Dagi ya yi mini nauyinsa na da. Namadi ya ce, "Malam Sule, me Zainab ta dafa maka?" Na ce ya matsa ya ga aikin manya. A hanyar gida har tsire na tsaya na ci a bakin titin Zariya, da yajinsa da gishirinsa.

Litinin, 21 ga Afrilu, da safe

166 bisa 98. Bugu 96. A bangon baya na rubuta 134 bisa 84.

Malam yana nan. Ya sha kunu cokali huɗu.

Laraba, 23 ga Afrilu, bayan La'asar

174 bisa 102.

Zuciyata na bugawa har a cikin kunne, kamar ana daka a maƙwabta. In na ɗaga diga na riƙe numfashi na sara, sai in ji wani abu ya soke ni a ƙeya. Ƙarfi dai yana nan.

Muna hutawa a gindin darbejiya ni da Namadi, na ce, "Namadi." Ya ce, "Na'am." Na buɗe baki zan faɗa masa. Kalma huɗu ce fa kawai. Sai na tuna yatsan Malam a ɗage, na tuna Namadi ba ya iya riƙe magana, kafin Magariba duk masu shayin Tarauni sun ji. Wannan shi ne dalilin da nake ba kaina. Ɗaya dalilin kuma, in na faɗa masa, na yarda ke nan ba ni zan shiga ba.

Na ce ya san mini goro.

Alhamis, 24 ga Afrilu, da hantsi

Ban je asibiti ba. In suka ga wannan lambar kwantar da ni za su yi. Na ce wa Zainab akwai gawa uku, alhali ɗaya ce.

Juma'a, 25 ga Afrilu, bayan Masallaci

182 bisa 106.

Na je Tarauni. Malam bai gane Inna ba, amma ya gane ni. Ya kamo hannuna ya lalubi yatsuna, ya naɗe babban yatsan ciki, ya bar huɗu a miƙe. Ya riƙe su haka har barci ya ɗauke shi. Inna ta ce, "Me yake nufi?" Na ce wasanmu ne na wurin aiki.

Malam yana nan.

Asabar, 26 ga Afrilu, bayan Asuba

Haɓo ya dawo. Na wanke rigar da kaina kafin Zainab ta tashi. Ƙwayoyin sun yi yawa a aljihu, na juye su a gwangwanin turare na Hauwa.

Malam yana nan.

Lahadi, 27 ga Afrilu, bayan Azahar

188 bisa 108.

Zan rubuta wannan don ba wanda zan iya gaya wa. Ɗazu waya ta yi ƙara, na ga sunan Inna Indo, sai na ji wani sanyi a raina. Sauƙi na ji. Na ce a zuciyata, to alhamdulillahi, yau zan gama in koma shan magani. Na ɗauka, ashe cewa za ta yi in na tashi zuwa in taho da ƙanƙara.

Astagfirullah. Astagfirullah. Mutumin da ya shafe kabarin Hauwa da tafin hannunsa, shi nake ƙosawa da numfashinsa. Na zauna a zaure na yi kuka, ban san rabona da kuka irin wannan ba. Na tsani kaina, na tsani Fara da Ja, na tsani wannan ƙasar mai taurin kai. Ban ga ta inda zan ɓulle ba. In na sha, ba zan iya ba. In ban sha ba, ban san ko zan kai ba.

Na kai ƙanƙarar. Malam yana nan.

Litinin, 28 ga Afrilu, bayan Magariba

Asiri ya tonu. Na fito zan tafi masallaci, Sista Tabita na zaune a ƙofar gidanta tana tsince shinkafa. Ta ce in kawo littafi. Na nuna mata bangon baya. Ta duba, ta dube ni, ta ce, "Idonka ya yi ja. Kawo hannu." Ta ɗora yatsu biyu a wuyan hannuna tana kallon agogonta. Ko rabin minti ba a yi ba ta sake ni.

"Ɗari da huɗu. Mai shan Ja ba ya yin ɗari da huɗu a tsaye. Kwana nawa?"

Na ce goma sha ɗaya.

Ta ajiye shinkafar a gefe. A hankali ta yi magana. Ta ce yanzu zuciyata sakakkiya ce, jinina a sama yake tun ina zaune. Duk saran da na yi na riƙe numfashi, yana iya haura ɗari biyu da hamsin, kuma jijiyoyin cikin kai sirara ne. Ta ce jiri yana zaunar da mutum ya tashi, wannan kuwa in ya kwantar da kai ba lallai ka tashi yadda kake ba.

Na ce zan koma sha, bayan.

"Bayan me?"

Na juya ina kallon hanyar Tarauni.

"Malam Sule, jira kake mutum ya mutu kafin ka sha magani?"

Da mari ta yi mini da ya fi sauƙi. Na roƙe ta ta rufa mini asiri kwana uku. Ta ce shekara ashirin da biyu muna maƙwabtaka, ita ta karɓi haihuwar ɗan Zainab, ba za ta zauna tana tsince shinkafa ina kashe kaina ba. Ta shiga gidana ta kira Zainab.

Zainab ba ta yi faɗa ba. Na nuna mata gwangwanin uwarta, ta ɗauko ta buɗe, ta zauna a ƙasa da shi a cinya. "Baba, kullum da hannuna nake ba ka." Abin da ta ce ke nan. Sun yanke gobe da sassafe in sha a gabansu, Sista ta raka ni asibiti ko ba ranarmu ba ce, kuma ba ni ba diga. Na ce to.

Talata, 29 ga Afrilu, ƙarfe shida da rabi na safe

196 bisa 112.

An bugo waya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ƙarfe goma za a yi wa Malam sallah.

Zainab na tsaye a zaure da ƙwaya a tafin hannu. Akwai hanya ta gefenta. Ta nan na bi na wuce.

Lahadi, 18 ga Mayu, da hantsi

Da hagu nake rubutu, ɓarin jikina na dama ya shanye. A yi haƙuri da shi.

Talata, 20 ga Mayu, bayan Azahar

132 bisa 84. Zainab ce ke aunawa yanzu.

Zan rubuta kaɗan-kaɗan, hannun na gajiya.

Ranar da Malam ya rasu, kara ya iso ƙarfe bakwai da rabi. Namadi ya fitar da uwar. Na yi bisimilla na shiga. Na ja layin tsawo, na fara daga kudu wajen kai. Aikin na tafiya, ƙarfi kamar na ɗan shekara talatin. Na bar faɗaɗawar sai ƙarshe, yadda Malam ya koya mini, a gama zurfi tukuna sannan a gyara bango.

Na kai zurfin gwiwa. Na juya ga bangon yamma na ɗaga dagi. Sai na ga dagin a ƙasa. Ban ji fitarsa daga hannuna ba. Na sunkuya in ɗauka, hannun ya ƙi zuwa.

Wannan karon na faɗi.

Alhamis, 22 ga Mayu, da safe

Namadi da wasu mutum biyu suka ciro ni ta hammata. Ina jin komai, ina ganin komai. Na ga Namadi ya ɗauki dagina zai shiga. Na kama ƙafar wandonsa da hagu. Na ce masa yatsu huɗu ta yamma. A cikin kaina sarai na faɗa. Abin da ya fito daga bakina ni ma ban gane shi ba, sai yawu.

Ya ce, "Sannu Malam Sule, kar ka damu, zan ƙarasa." Na ɗaga masa yatsu huɗu. Ya kama hannun ya mayar mini a ƙirji, ya ce a yi maza a nemo Adaidaita.

A bakin ƙofar maƙabarta mai Adaidaitan ya tsaya ya ba makara hanya. Ta wuce dab da ni, a kafaɗun mutane. Ko ta cikin likkafani ana ganin tudun bayansa.

Juma'a, 23 ga Mayu, bayan La'asar

128 bisa 80. An canza mini magani a asibiti. Babu Ja, babu Fara, wata guda ɗaya ce. Likita ya ce irin wannan ba ta cika hana mutum aikinsa ba, da na dawo tun farko da ita za a gwada mini. Sista Tabita na wurin. Ta juya tana kallon taga.

An yi ruwan fari jiya. Ƙasa ta yi laushi yanzu.

Lahadi, 25 ga Mayu, bayan Azahar

Namadi ya zo dubiya da lemo a leda. Ya kawo mini dagina, ya wanke shi, ya jingine a zaure. Ya yi ta surutu, wane ya rasu, wane ya rasu, ruwa ya rusa tsofaffin kaburbura uku ta arewa. Na yi ta kallon sa. Can ya ce, "Jama'a ta taru wa Malam sosai." Ya ce, "Ka san rana ta yi, mutane na jira." Ya shiga murza gwiwarsa ta dama da tafin hannu. Ya ce, "An dai sa shi."

Bai dube ni ba. Ni ma ban tambaya ba, ko da bakin zai iya.

Litinin, 26 ga Mayu, bayan Asuba

126 bisa 78. Na sha a gaban Zainab, na buɗe mata baki ta gani.

Sista ta ce in riƙa gwada magana kullum, in zaɓi kalmomi kaɗan in yi ta maimaitawa har harshe ya saba. Tun da na dawo gida abu ɗaya nake gwadawa, in ba kowa a ɗakin. Yau ya fito, kowace kalma daidai, har Zainab ta jiyo daga tsakar gida. Ta shigo da gudu da ludayi a hannu, tana dariya tana hawaye.

"Baba, ka yi magana! Yatsu huɗu ta yamma? Na mene ne? Wa za a gaya wa?"

Na ce ba kowa.